Daga Ƙetare: Gawa a daji, asiri a cikin gari

A finafinan Hausa aikin yaro sananne ne. Ko dai a aike shi ya yi wa saurayi sallama da budurwa, ko ya rugo a guje ya ce "Umma, Abba ya dawo," ko kuma a zaunar da shi kusa da makara ya yi ta kuka har mai fiyano ya gama nasa aikin. Da ya ida wannan sai a ce ya matsa daga gaban kyamara, manya su ci gaba da rigimarsu ta kishiya da gado da auren dole. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, sai mai kallo ya yi dogon tunani kafin ya tuno fim ɗin da aka ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha biyu nauyin labari tun daga farko har ƙarshe.

Alhali a ƙetare akwai wani reshe na labari mai zaman kansa wanda ba ya tafiya sai da yaro. Tsarinsa bai da wuyar ganewa. Ƙaramin gari ne inda kowa ya san kowa har kaka da kakanni. Sai wani abu ya faru, ko a rasa wani, ko a tsinci gawa, ko a yi sata. Manya su yanke hukunci a tsakaninsu, su nuna wanda suke so ya ɗauki laifin, su rufe maganar. Sai kuma wani yaro ko wata yarinya da ke bakin balaga, wanda ba wanda ya damu da inda yake zuwa ko abin da yake ji, ya ce shi fa bai gamsu ba. Kafin labarin ya ƙare zai gano gaskiya, amma ba zai koma yaron da yake a da ba. Wannan shi ne cinikin. Mai karatu da ya ɗauka fim ɗin 'yan sanda ne da aka rage wa tsawo don yara, to ya sake lale. Gawar da ake nema ƙofa ce kawai. Abin da ke cikin ɗakin shi ne halin manyan gari.

Fim ɗin da ya fi fito da wannan a fili shi ne Stand by Me, wanda Rob Reiner ya ba da umarni, ya fito a 1986. An ɗauko shi ne daga wani gajeren littafi na Stephen King mai suna The Body, wanda ya fito a 1982 a cikin kundi ɗaya da labarin da aka mayar fim ɗin The Shawshank Redemption. Masu fim ɗin sun ga in suka bar masa sunan littafin jama'a za su ɗauka fim ɗin ban tsoro ne, musamman da yake da irin su aka san marubucin, sai suka aro sunan waƙar Ben E. King ta 1961.

Labarin ya faru ne a 1959 a wani ɗan ƙaramin gari da aka ƙirƙira, Castle Rock, a jihar Oregon ta Amurka, garin da mutanensa duka-duka 1,281 ne. Wani yaro mai suna Ray Brower ya fita tsinkar 'ya'yan itace a daji bai dawo ba, ana ta cigiya a rediyo. Vern, wani ɗan lukuti mai tsoro, yana ƙarƙashin barandar gidansu yana tonon wata kwalbar kwabbai da ya binne ya mance wurin, sai ya ji yayansa da abokinsa suna ƙus-ƙus cewa sun ga gawar yaron a gefen layin dogo, amma ba za su faɗa wa hukuma ba domin da motar sata suka je wurin. Vern ya ruga ya fesa wa abokansa uku. Nan take suka ƙulla cewa za su bi layin dogo a ƙasa su gano gawar, a buga hotonsu a jarida, a ce musu jarumai. Suka yi wa iyayensu ƙarya, suka haɗa kuɗin guzuri ya kama dala 2 da santi 37, suka kama hanya.

To, a nan ne gwanintar take. Ba wani kisa aka yi ba, jirgin ƙasa ne ya buge yaron, kuma mai kallo ya san haka tun da wuri. Amma ba zai iya tashi daga gaban talabijin ba, saboda kowane ɗaya daga cikin yaran nan huɗu yana ɗauke da tasa gawar a zuci. Gordie, wanda shi ke ba da labarin bayan ya girma, yayansa Denny ya mutu a haɗarin mota watanni huɗu kafin tafiyar, kuma tun daga ranar iyayensa suka daina ganinsa, kamar ba shi a gidan. Teddy kuwa ubansa tsohon soja ne da ya taɓu, ya taɓa kama kan yaron ya danna kunnensa a murhu har ya kusa ƙone shi, amma duk da haka wanda ya zagi uban nan a gaban Teddy sai an riƙe shi. Sai kuma Chris Chambers, wanda River Phoenix ya fito a matsayinsa. Ubansa mashayi ne, yayansa ɗan iska ne, saboda haka gari ya gama yanke wa Chris hukunci tun bai yi wayo ba: ɗan gidan su wane ne, ba zai yi albarka ba.

Akwai gudun tsira a kan gadar jirgi, akwai karen mai gadin bola da ake ta ba da labarin muguntarsa ashe kare ne kamar kowane kare, bai kai ya kawo ba, akwai matsattsaku da suka manne musu a kududdufi. Duk waɗannan na nishaɗi ne. Sin ɗin da ya riƙe fim ɗin shi ne na dare, a bakin wuta, sauran biyun suna barci. An taɓa sace kuɗin madarar 'yan aji a makarantarsu, ba a tambayi kowa ba aka ce Chris ne, aka kore shi na kwana uku. Gordie ya tambaye shi ko shi ne ya ɗauka. Chris ya ce e, shi ne. Mai kallo zai ce to ai shi ke nan, gari ya yi gaskiya. Sai yaron ya ƙara da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: ya yi nadama, ya mayar wa malamarsu kuɗin a ɓoye. Kuɗin ba su taɓa komawa inda aka ɗauke su ba. Mako na zagayowa sai ga malama ta shigo makaranta da sabbin kaya. Ta san ko ya buɗe baki ba wanda zai yarda da ɗan gidan Chambers a kan malama. A nan Chris, wanda shi ne jan gwarzon tawagar, ya fashe da kuka. Ba korar ce ta ƙona masa rai ba. Bai taɓa zaton malama za ta iya yin haka ba.

Wannan shi ne asirin Castle Rock, ba gawar Ray Brower ba. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Irin waɗannan labarai ba su ƙaryata maganar ba. Abin da suka ƙara shi ne, wani lokaci babban ya hango sarai, ya kau da kai, domin shirun ya fi masa riba.

Da suka isa wurin gawar, sai ga gungun manyan 'yan iskan gari ƙarƙashin Ace, wato Kiefer Sutherland tun yana saurayi, su ma sun zo ɗaukarta don neman suna. Ace ya zaro wuƙa ya nufi Chris, Gordie ya ɗaga bindigar da Chris ya sato ta ubansa, 'yan iskan suka janye. Amma yaran ba su ɗauki gawar ba. Sun lulluɓe ta, suka koma gida, suka buga wa hukuma waya ba tare da faɗin sunansu ba. Jarumtar jarida da suka fito nema ta fita daga ransu. An kashe kusan dala miliyan 8 a fim ɗin, ya dawo da sama da miliyan 50, kuma aka sa shi a takarar Oska ta tsara labari. Babu rawa, babu budurwa, babu gidan bene.

Shi wannan salo ba a 1986 aka fara shi ba. Tun a 1876 Mark Twain ya rubuta The Adventures of Tom Sawyer, inda Tom da abokinsa Huck suka je maƙabarta da tsakar dare suka ga an daɓa wa wani likita wuƙa. Wanda ya yi kisan ya saka wuƙar a hannun Muff Potter, wani mashayin gari da ke kwance a sume, har shi kansa Potter ya yarda shi ya yi. Gari bai yi wata-wata ba, ai mashayi ne. Yaran suka yi rantsuwa da jini ba za su faɗa ba don tsoro, amma zuciyar Tom ta hana shi barci har sai da ya tsaya a kotu ya ba da shaida. Daga baya aka samu littattafan yara masu bincike da aka riƙa bugawa kamar ƙosai: Hardy Boys daga 1927, Nancy Drew daga 1930, sai Famous Five na Enid Blyton a Ingila daga 1942, waɗanda 'yan boko da dama suka karanta a laburaren makaranta. Suna da daɗi, ba laifi, amma ba su da nauyi. Ɓarawon kusan kullum baƙo ne ko ɗan fasa-ƙwauri, ana kama shi gari ya koma fes, yaran su tafi shan shayi. Nancy Drew ta shafe shekaru aru-aru tana warware asirai ba ta tsufa ba, ba ta kuma rasa komai ba. Wanda bai rasa komai ba kuwa bai girma ba.

Wanda ya ɗaga salon nan ya kai shi inda ba a zata ba shi ne To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961, aka mayar da shi fim a 1962 da umarnin Robert Mulligan. Gregory Peck ya ci Oska da rol ɗin lauya Atticus Finch, kuma yawancin masu sharhi a kansa suke tsayawa. Amma fim ɗin ba na lauya ba ne. Na 'yarsa ne Scout, 'yar shekara shida, da yayanta Jem, a garin Maycomb na jihar Alabama a shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu kuma wariyar launin fata doka ce. Mary Badham da ta fito a Scout shekararta goma aka sa ta a takarar Oska.

Asiri biyu ne a garin. Na farko na yara ne. A unguwarsu akwai wani gida da kullum yake rufe, ana cewa wani mahaukaci ne a ciki mai suna Boo Radley, wai yana cin ɗanyen nama, wai yana leƙen tagogi da dare. Yara ba sa wucewa ta ƙofar sai da gudu. Duk wanda ya tashi a unguwa a ƙasar Hausa ya san irin gidan nan, sai dai a nan tsohuwa ake cewa mayya ce. Sai kuma yaran suka fara tsintar 'yan kayayyaki a kogon wata bishiya da ke bakin gidan: tsohon agogo, lambar yabo, da 'yartsana biyu da aka sassaƙa da sabulu masu kama da su. Kafin su gano mai ajiyewa, mutanen gidan suka liƙe kogon da siminti.

Asiri na biyu na manya ne, kuma shi ba asiri ba ne ma, kowa ya san gaskiya. An zargi wani baƙar fata, Tom Robinson, da yi wa wata farar fata fyaɗe. Atticus ya nuna wa kotu cewa raunukan yarinyar a ɓangaren dama na fuskarta suke, alamar bahago ne ya doke ta. Hannun hagu na Tom ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya cinye shi. Uban yarinyar, Bob Ewell, shi ne bahago. Scout da Jem suna sama, a benen da aka keɓe wa baƙaƙe, suna kallo. Jem ya saki jiki cewa babansu ya yi nasara, ai magana ta fito fili. Sai mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka ce Tom ya aikata. Daga baya aka harbe shi, aka ce wai ya yi yunƙurin gudu. Duk wanda ya kalli fuskar Jem a wannan wuri ya ga lokacin da yarinta take fita daga jikin mutum.

Akwai wani sin da ya kamata daraktoci su kalla su maimaita, domin shi ya nuna dalilin da ya sa sai a ƙaramin gari labarin ke tsayuwa. Daren da aka kawo Tom gidan wakafi na garin, wasu fusatattu suka zo cikin motoci don su fitar da shi su rataye. Atticus shi kaɗai ne zaune a ƙofa. Yaran suka kutso tsakiyar taron, Scout ba ta ma san abin da ake ciki ba. Ta duba ta ga fuskar da ta sani, baban wani ɗan ajinsu ne, Cunningham, wanda ke biyan babanta ladan aikin lauya da amfanin gona don ba shi da kuɗi. Sai ta gaishe shi da sunansa, ta ce ya gaida mata ɗansa. Kunya ta kama mutumin, ya ce wa sauran su tafi. Gaisuwa ce ta watse taron. A babban birni wa ya san wani, balle gaisuwar yarinya ta hana zubar da jini?

A ƙarshe Bob Ewell ya tare yaran da wuƙa a cikin duhu, ya karya hannun Jem. Wanda ya fito ya cece su, har Ewell ya rasa ransa, shi ne dodon unguwa, Boo Radley, wanda Robert Duvall ya fito a matsayinsa, fitowarsa ta farko ke nan a babban fim, kuma bai furta kalma ko ɗaya ba. Ashe mutum ne mai tsananin kunya, farin fat don rashin shiga rana, shi ne mai ajiye musu kyauta a bishiya. Shugaban 'yan sandan yankin ya dubi lamarin ya ce shi dai abin da ya sani Ewell faɗuwa ya yi a kan wuƙarsa, a bar kaza cikin gashinta. Jawo mutum irin Boo gaban jama'a, ko da don a yaba masa ne, zalunci ne. Scout ta gane, ta kama hannunsa ta raka shi gida.

A lura da kyau, fim ɗin da ya shafe awa biyu yana tona asirin gari da rufin asiri ya ƙare. Ke nan ba a ce duk shiru mugu ne ba. Akwai shirun da ke kare mai rauni irin Boo, akwai shirun da ke kare mai ƙarfi irin malamar Chris da masu yanke wa Tom hukunci. Abin da yaron ke koya a irin wannan labari shi ne bambance biyun, kuma ba wanda zai koya masa a aji.

Na baya-bayan nan da matasa suka yi rububinsa shi ne A Good Girl's Guide to Murder na Holly Jackson, 'yar Ingila, wanda ya fito a 2019, BBC ta mayar da shi fim mai kashi shida a 2024 da Emma Myers, daga baya ya hau Netflix. Jarumar ita ce Pip Fitz-Amobi, 'yar shekara 17, kuma wannan suna na Amobi daga mijin mahaifiyarta ta samo shi, wanda a labarin ɗan Nijeriya ne. A garinsu Little Kilton wata ɗaliba, Andie Bell, ta ɓace shekara biyar da suka wuce, aka ce saurayinta Sal Singh ne ya kashe ta sannan ya kashe kansa. Sal ɗan asalin Indiya ne a garin farare, saboda haka maganar ta zauna daram, iyalinsa suka zama abin ƙyama. Pip ta ɗauki maganar a matsayin aikin binciken makaranta, ta haɗa kai da Ravi, ƙanen Sal. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, ya tsallake jimlar da ke tafe. Wanda ya kashe Sal malamin makarantarsu ne, uban babbar aminiyar Pip, mutumin da take cin abinci a gidansa. Muff Potter, Tom Robinson, Chris Chambers, Sal Singh: shekara 143 tsakanin na farko da na ƙarshe, amma mutum ɗaya ne ake ta canza wa riga, wato wanda gari ya ga ba shi da mai tsaya masa.

Masu cewa ai wannan harkar Turawa ce, to su ma Indiyawan da ake kwaikwayo sun taɓa. A 2002 Vishal Bhardwaj ya yi Makdee, inda Shabana Azmi ta fito a mayyar da ke zaune a wani kangon gida a gefen ƙauye, ana cewa duk wanda ya shiga sai ta mayar da shi dabba. Wata fitinanniyar yarinya, Chunni, ta yi sanadin shigar 'yar'uwarta ta tagwaye gidan, mayya ta miƙo mata kaza ta ce ga 'yar'uwarki nan, in kina son ta dawo mutum ki kawo kaji ɗari. Ƙarshenta yarinyar ta gano babu maita ko ta anini. 'Yar damfara ce da ke tsare mutane tana sa su haƙar dukiyar da aka binne, tsoron mutanen ƙauye shi ne katangarta. Shweta Prasad, wadda ta fito a tagwayen duka biyu, ta ci kyautar ƙasa ta Indiya ta yara 'yan wasa. Abin takaici, a finafinan Hausa in aka nuna tsohuwar da ake zargi da maita, sau da yawa sai fim ɗin ya tabbatar wa mai kallo cewa mayyar ce, har da su jan ido da dariyar ƙeta. Ba a tunanin tsohuwar gaske da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi, wadda gobe yaran da suka kalli fim ɗin za su jefa da dutse.

To me ya hana Kannywood? Ba rashin gari ba ne. Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ya nuna cewa 'yan kallo za su bi ƙirƙirarren gari shekara da shekaru, su san mai shayinsa da malaminsa da ɗan daudunsa kamar maƙwabtansu. Ba kuma baƙon abu ba ne yaro ya ja labari a Hausa, ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa nan, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, rabinsa a kan yaron da aka sace ne. Kayan aiki kuwa a zube suke: tsohuwar tashar jirgi da aka daina amfani da ita, kududdufin bayan gari, makarantar kwana, rijiyar da ake cewa kada a leƙa, almajirin da ke shiga kowane gida yana ji yana gani ba wanda ya ɗauke shi mutum. In ana neman mai bincike da ba a zarginsa da komai, ina wanda ya kai shi? In kuma ana neman wanda za a ɗora wa laifin satar da ɗan maigida ya yi, nan ma shi ne.

Cikas na farko kuɗi ne. A zamanin kaset, in furodusa ya je Ƙofar Wambai tambayar farko da 'yan kasuwa za su yi masa ita ce wa da wa ke kan fosta, kuma waƙa nawa ce a ciki. Yara huɗu da ba a sani ba ba sa sayar da kaset. Wannan kasuwa ta shuɗe, amma tunanin bai shuɗe ba, sai dai yanzu ana lissafin fuskar da za ta jawo kallo ne a YouTube.

Cikas na biyu shi ne mai nauyi, kuma ba a raina shi. Za a ce fim ɗin da ya nuna malama ɓarauniya, ko dattijon unguwa maƙaryaci, ko yarinya tana bin diddigin manya, yana koya wa yara fitsara ne. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta bari yara su riƙa zuƙar taba suna ashar kamar na Stand by Me ba, kuma tana da gaskiya, ko a Amurka ma an hana yara shiga kallonsa su kaɗai saboda bakin yaran. Amma taba da ashar ba su ne labarin ba, ana cire su ba abin da zai ragu. A duba kuma a gani, wanne daga cikin yaran nan ne ya zagi babba? Scout gaisuwa ta yi. Tom Sawyer shaida ya bayar a gaban alƙali. Chris mayar da abin da ya ɗauka ya yi, wanda shi ne abin da kowane malamin Islamiyya zai ce ya yi. Wanda ya karya tarbiyya a labarin ba yaron ba ne. Kuma yara sun riga sun san akwai irin waɗannan manya, ba fim ne zai fara gaya musu ba. Abin da ba su cika gani ba shi ne babba irin Atticus, wanda zai zauna a ƙofa shi kaɗai saboda wanda gari ya tsana. Rol ne da duk wani dattijon industiri zai so a ce shi ya hau.

Cikas na uku daraktoci ba sa son a faɗe shi: sarrafa yaro a lokeshan aiki ne ja. Yawanci ɗan furodusa ko ɗan maƙwabta ake kamowa ranar ɗauka, a karanta masa magana ya maimaita yana kallon kyamara, in ya kasa a daka masa tsawa. Rob Reiner bai yi haka ba. Kafin a kunna kyamara sai da ya kwashe mako biyu da yaran nan huɗu suna wasannin koyon fim da yawo tare, har suka zama abokai na gaske, shi ya sa tsokanar da suke wa juna a fim ɗin ba ta yi kama da hadda ba. Ya kuma zaɓi kowane yaro ne daidai da halinsa na zahiri, mai kunya ya ba shi rol ɗin mai kunya, mai fushi na mai fushi.

Da aka zo sin ɗin kuɗin madara, River Phoenix ya yi, bai yi yadda ake so ba. Reiner bai yi masa faɗa ba. Ya ja shi gefe ya ce ya tuno wani lokaci da wani babba da ya yarda da shi ya ci amanarsa, ba sai ya faɗi ko wane ne ba. Aka sake ɗauka. Ɗaukar da ke cikin fim ɗin ke nan, kuma bayan an tsayar da kyamara yaron bai iya daina kuka ba sai da darakta ya rungume shi. Shekararsa 14 a lokacin. A fim ɗin, Chris ya daure ya yi karatu ya zama lauya, sai aka soke shi da wuƙa a wani gidan abinci yana rabon faɗan da ba nasa ba. Shi kuwa Phoenix ya shiga takarar Oska da fim ɗin Running on Empty na 1988, sannan ya mutu ranar 31 ga Oktoba, 1993, a ƙofar wani gidan rawa a Los Angeles sanadin miyagun ƙwayoyi, yana da shekara 23.